Namiji ko mace? Yadda ake gane 'yan tsaki tun suna ƙanana

Maman Sadiya (Mabera):
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah tambaya gare ni. Kazata ta gida ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suna cikin sati na biyu. Gidan haya muke, akurkin ƙarami ne, ba zan iya riƙe su duka ba. Matan nake so in bari saboda ƙwai, mazan in aika wa ƙanwata a Dange tunda ita tana da fili. To a idona duk kamarsu ɗaya. Akwai yadda ake ganewa tun yanzu?

Baba na Acida:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Wanga abu ba shi da wuya. Ki kama tsako ga ƙahwahu ki ɗaga shi, kai ƙasa. In yat tanƙwaro kainai sama shina ta hwaman miƙewa, zakara na. In yas saki jiki yay yi lamo, mace ta. Haka munka iske magabata na yi.

Ɗan Wamakko:
Allah shi ƙara girma Baba. Ni kuma tun a ƙwai nake tacewa. Ƙwai mai tsawo da tsini zakara ne, mai zagaye kuma mace. In mata nake so, masu zagayen nake zuba wa kaza ta kwanta a kai. Maman Sadiya wannan karon ya wuce ki, amma ki riƙe shi don kwanci na gaba.

Hajiya ta Arkilla:
Ɗan Wamakko, ina da kaza ɗaya da duk ƙwanta dogaye ne tun da ta fara, kuma 'ya'yanta akwai maza akwai mata. Wannan fa?

Ɗan Wamakko:
Hajiya, cikin dogayen ma ai akwai wanda ya fi wani tsawo.

Dakta (likitan dabbobi, Runjin Sambo):
Salamu alaikum. Baba, a gafarce ni, zan saɓa maka kaɗan, kai ma Malam na Wamakko haka.

Siffar ƙwai ta kazar ce, ba ta tsakon da ke ciki ba. Kowace kaza da yadda mahaifarta take fitar da ƙwai, shi ya sa Hajiya ta ga tata kullum dogo take yi. Sagara sabuwar fara ƙwai kan yi ƙanana, tsohuwa kan yi manya, duk ba ruwansu da namiji ko mace. Da siffar ƙwai tana nunawa, da manyan kamfanonin ƙyanƙyasa na duniya sun huta tuntuni, domin rabin abin da suke ƙyanƙyashewa na kajin ƙwai maza ne da ba sa buƙata. A Jamus tun daga Janairun 2022 doka ta hana kashe irin waɗannan mazan ranar da suka fito, Faransa ma ta bi sahu, sai da kamfanoni suka koma sayen na'urori masu tsada da ke gwada ƙwai yana cikin injin ƙyanƙyasa. Mutanen da suka kashe wannan kuɗi ba za su tsallake abin da ido ke gani kyauta ba.

Ɗaga tsako kai ƙasa kuwa, abin da yake nuna miki shi ne wane ne mai kuzari, wane ne ya gaji ko ya tsorata. Mace mai lafiya za ta yi ta fafutika, namiji mai zawo zai saki jiki. Duk dabarar da amsarta biyu ce kawai, ko ba ta da tushe za ta dace da gaskiya kusan sau ɗaya cikin biyu, shi ya sa mutane ke rantsuwa da ita.

Maman Sadiya, amsa a taƙaice: kajin gida a sati biyu babu wata alama tabbatacciya. Ki yi haƙuri zuwa sati biyar ko shida.

Baba na Acida:
Likita, ban ƙi taka ba, karatu kac ci. Amma mu da munka tsuhwa cikin kaji, tsako na kwana goma in nid dube shi ina hwaɗa maka, kuma ba kasahwai nika kuskurewa ba.

Dakta:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Baba. Amma na yi imani ba ɗagawar ce take faɗa maka ba. Kafin ka kama shi idonka ya riga ya ga kaurin ƙafa, girman kai, da yadda yake tsayuwa cikin 'yan uwansa. Wannan ido shekaru ne suka ba ka shi. Wadda ba ta da shi, in ta ɗaga tsako, ba abin da za ta samu sai wahalar da shi.

Abban Khalifa (ɗalibi, jami'ar Ɗanfodiyo):
Dakta, ni na ga bidiyo a YouTube, ma'aikata suna buɗe fiffiken tsakon kwana ɗaya suna jefa maza gefe, mata gefe, cikin sauri sosai. Suka ce in gashin fiffike layi biyu ne, ɗaya dogo ɗaya gajere, mace ce. In tsawonsu ɗaya, namiji. Wannan ma ƙarya ne?

Dakta:
Gaskiya ne, amma ba a kowace kaza ba. Waɗancan da ka gani an tsara aurensu ne da gangan: uba daga irin da gashinsa ke fita da wuri, uwa daga irin da nata ke jinkiri. A irin wannan haɗi ne kaɗai 'ya'ya mata ke ɗauko saurin uba, maza su ɗauko jinkirin uwa. Wasu nau'in buroila da wasu fararen kajin ƙwai haka aka yi su. Kuma bambancin na kwana ɗaya zuwa uku ne, bayan nan gashin ya cimma juna. Kazar gida da ke yawo a unguwa, wa ya san zakaran da ya taka ta, balle a san irin gashinsa? In ka buɗe fiffiken tsakonta za ka ga wani abu, amma abin da ka gani ba ya nufin komai.

Abban Khalifa:
Na duba dubura fa? An ce shi yana aiki a kowane iri.

Dakta:
Yana aiki, kuma shi ne hanyar da nake roƙon kowa a nan kada ya gwada a gida. Japanawa ne suka fito da ita tun shekarun 1920, har makaranta suka buɗe dominta, mutum yakan daɗe yana koyo a kan dubban tsaki kafin a yarda da hannunsa. Ana ɗan matsa tsakon ya zubar da kashi, a buɗe wurin a ƙarƙashin fitila mai haske, a nemi wani ɗan ƙullutu da bai kai kan allura ba sosai. Matsalar ita ce wasu matan ma suna da mai kama da shi, wasu mazan nasu bai fito ba. Sannan tsakon da bai wuce kwana uku ba akwai sauran gwaiduwa a cikinsa, ita yake ci, ita ce ma ta sa ake iya ɗauko su daga Ibadan har Sakkwato a kwali ba ci ba sha. In ka matsa da ƙarfi ta fashe a ciki, tsakon ya tafi. Akan kawo min irinsu, ciki a kumbure, mai su yana cewa ciwo ne ya shigo.

Hajiya ta Arkilla:
Tunda an zo kan na kwali, bari in faɗi abin da ya same ni don wasu su kiyaye. Wani mai tallan tsaki ya biyo layinmu da kwali a kan babur, farare tas masu kyau, ya ce min fulet ne, wato mata na ƙwai, kuma ya yi min sauƙin kuɗi ƙwarai. Na saya na yi ta ba su abincin kanti, na yi musu rigakafin Gumboro da Lasota, na kwana ina hura musu gawayi cikin ɗari. Da suka kai wata biyu sai ga zanko ja jawur a kan kowanne. Babu mace ko ɗaya. Mutumin kuwa ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Mai Tsaki (dillali, cikin gari):
Hajiya, Allah shi mayar da alheri. Wannan shi ke ɓata mana suna mu da muke zaune a shago. Bari in faɗa wa jama'a abin da duk mai sana'ar nan ya sani.

Jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown, ranar farko launinsu ke raba su. Mace ja-ja ce, kalar ƙasa-ƙasa, wata da ɗan zane a baya. Namiji fari ne mai ɗan rawaya. Waɗannan fararen su ne kokaral da ake sayarwa da arha, domin kamfani ba ya buƙatarsu. Baƙaƙen kuma, irin su Nera da Harco, mace baƙa ce har kai, namiji yana da ɗigon fari a tsakiyar kansa, in ya girma ya zama wake-wake. Duk wanda ya kawo miki farin tsako ya ce jar kazar ƙwai ce za ta zama, ko bai san kayansa ba ko ya san abin da yake yi.

Farashi ma shaida ne. Fulet ta ninka kokaral a kuɗi nesa ba kusa ba. In kin ji an ce ga fulet a kuɗin kokaral, ki riƙe jakarki.

Noila kuwa, kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, a gauraye suke zuwa, launinsu kala-kala, mu kanmu ba ma rabawa. Wanda ya ce zai tsamo miki mata zalla daga kwalin Noila na kwana ɗaya, cinikinsa kawai yake nema.

Maman Sadiya:
Na gode ƙwarai. To Dakta, in sun kai sati shidan me zan duba? A yi min dalla-dalla don Allah, wannan ne kwancina na farko.

Inna ta Gwadabawa:
Bari in riga Likita, ɗiyata, tunda wanga aikinmu na na kullum. Ki bari sai da sahe kin watsa musu tsaki ko dussa, ki zamna gehe ki yi shiru ki dube su tare. Kada ki kama guda ki ta juya shi, ba ki ganin komi hakanan. Ɗiyan uwa guda ki ka gwadawa da juna.

Abu na hwarko zanko. Na namiji shi ka hwara tashi, shi yi ja, ƙasan baki kuma leɓa ta hwara lehowa. Na mace shina nan ƙanƙane, rawaya-rawaya ko hwari-hwari, kwance ga kai. Ba shi yin ja sai ta kusa ƙwai. Sannan ƙahwa: ta namiji ta hi kauri da tsawo, shina tahiya shina ɗaga ƙirji. In kin tahwa hannu ko shirwa ta gitta, matan su ka laɓewa su yi ƙasa, shi ko shi miƙe wuya shina kallon sama da ido guda.

Kuma ki duba wanda yar riga yin gashi. Galibi mace ta ka riga ruhe jiki, wutsiya ta hito mata da wuri. Namiji kan daɗe da sanƙo ga kahwaɗu da baya, ga shi babba ga shi tsirara.

Dakta:
Inna ta gama magana, Allah shi saka. Abin da zan ƙara kaɗan ne.

Zankon shi ne alama mafi ƙarfi a wannan shekaru, amma yana da tarko biyu. Na farko, kajinmu ba zanko iri ɗaya gare su ba. Akwai mai tsaye kamar zarto, akwai mai faɗi a kwance, akwai ƙanƙane mai ƙulle-ƙulle. Macen da ta gaji mai tsaye za ta iya fin namiji mai ƙanƙanen girman zanko. Don haka launi za ki fi bi, ba girma ba: ja a sati shida kusan kullum namiji ne. Na biyu, tsakon da tsutsar ciki ko ƙuma ko zawon jini ya shanye, zankonsa kan koɗe ko da namiji ne, ki ɗauka mace ce. In kin ga ɗaya ya tsaya baya a girma, kada ki yanke masa hukunci da wuri.

Wanda ba ya ƙarya shi ne gashin gadon baya, daf da wutsiya, amma sai wajen sati goma zuwa sha biyu. Ki kama shi ki sa yatsa ko 'yar takarda a ƙarƙashin gashin wurin ki ɗaga. Na namiji siriri ne, mai tsini, yana sheƙi, yana zubowa ta gefe. Na mace bakinsa a zagaye yake, ba sheƙi. Gashin wuya ma haka. Daga baya sai dogayen gashin wutsiya masu lanƙwasa su fito wa namiji.

Ƙaimi kada ki jira shi, yana daɗewa, kuma akwai tsofaffin kaji mata masu shi. Faɗa ma ba hujja ba ce, 'yan mata ma suna dambe da juna a kan wa zai riga ci. Cara kuwa galibi sai wata huɗu zuwa biyar, kodayake akwai masu gaggawa da kan fara gwada murya tun kafin nan.

Ɗan Wamakko:
Dakta, na bar maganar ƙwai tunda ka kawo hujja. Amma wannan fa na gani da idona: ƙyanƙyasar bazara, lokacin da rana ke dukan Sakkwato sama da digiri 40, maza sun fi yawa. Ta damina mata. Zafi bai juya su?

Dakta:
A kada da kunkuru zafin wurin da ƙwai yake yana iya sa ya zama namiji ko mace, wannan tabbas ne. A kaza ba haka ba ne. Tun kafin a yi wa ƙwan ɓawo an gama wannan magana, kuma uwa ce take yanke ta ba zakara ba, saɓanin yadda yake a mutane da dabbobi masu shayarwa. Zakara ƙwayoyin halittarsa na jinsi iri ɗaya ne guda biyu, masana na kiran su ZZ. Kaza tana da iri biyu, Z da W. In ta sa Z a ƙwai namiji ne, in ta sa W mace. Kwana 21 da za ta yi a kansa, zafi na iya kashe tsakon a ciki, kuma a bazararmu yana kashewa da yawa, amma ba ya mayar da shi wani jinsi. A kwanci ɗaya na ƙwai goma ko sha biyu, ba abin mamaki ba ne a samu maza takwas. In ka haɗa ƙyanƙyasar shekara guda za ka ga ta dawo kusan rabi da rabi.

Mai Tsaki:
Dakta, ga wata da ake yawan kawo min ƙara a kanta. Mutum ya sayi jajayen fulet a wurina, suka girma, ya haɗa su da farin zakaransu, ya sa ƙwan a ƙarƙashin kazar gida. Da suka fito ya ware jajaye a matsayin mata ya sayar da farare. Ƙarshe rabin jajayen suka yi cara, ya zo yana cewa na koya masa ƙarya.

Dakta:
Ba ka yi masa ƙarya ba, dabarar ce ba ta wuce zuriya ɗaya. A gonar iyaye, uban ja ne uwar fara, kuma launin yana tafiya a kan Z ɗin nan. 'Ya mace Z ɗaya gare ta, daga uba ta samo shi, sai ta fito ja. Ɗa namiji ya karɓi na uba ya karɓi na uwa, farin uwa ya rinjayi jan uba, sai ya fito fari amma yana ɗauke da ja a ɓoye. To in aka juya aka haɗa jar kaza da wannan farin zakara, shi yana raba wa 'ya'yansa ko fari ko ja ba tare da zaɓi ba. Sai ka samu jajaye maza da mata, farare maza da mata. In kuma jan zakaran gida ne ya taka ta, kusan duka za su fito jajaye. Na baƙaƙen ma haka ɗigon kan yake rikicewa a zuriya ta biyu.

Wannan ya shafi duk wanda yake ƙyanƙyashe 'ya'yan kajin gidan gona a gida, har da masu ƙaramin injin sola da suka yawaita yanzu. Da zarar kai ka haɗa auren, ka koma bin zanko da gashin baya kamar kowa.

Hajiya ta Arkilla:
Maman Sadiya, shawara ɗaya daga ni. Kada ki aika mazan duka. In kina son ƙwan ci kawai, kaza na yin ƙwai ko ba zakara. Amma in kina son su ci gaba da ƙyanƙyasa, zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Sai dai ya fi ki musanya da na wani gida a kan ki bar ɗan uwansu yana taka su, iri na lalacewa. Kuma ko kin gane su yau, sati biyu ya yi ƙanƙanta a raba tsako da uwa, musamman da sanyin asuba. Sati shidan da Dakta ya faɗa ya yi daidai da lokacin da uwar kan fara korarsu da kanta.

Baba na Acida:
Wagga magana ta Hajiya ita ag gaskiya. Kuma ki tuna zakara ba hasara ba ne. Gab da Sallah, ko ranar kasuwar Illela, kyakkyawan zakaran gida ya hi kaza daraja ga mai saye.

Inna ta Gwadabawa:
Likita, tunda kana nan, ni zabi ad damuwata. Damina na aza wa kaza ƙwan zabi, sun hito sun girma, har yau wata ukku ban rabe su ba. Duk kai guda, duk zane guda.

Dakta:
Inna, zabi sun fi kaji wuya, zanko ba ya taimako a wurinsu da wuri. Kunne za ki sa. Daga wajen wata biyu suke fara kuka sosai. Zabuwa tana da kira mai gaɓa biyu da take ta maimaitawa, ɗaya gajere ɗaya mai ja. Namiji gaɓa ɗaya yake yi, a jere da sauri, kuma ba ya iya yin irin na mace, alhali ita in ta firgita tana iya yin irin nasa. Saboda haka duk wadda kika ji ta yi mai gaɓa biyu ko sau ɗaya, mace ce babu shakka. Ki ware su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin kwando nesa da sauran, kaɗaici zai sa ta kira, sai ki ɗaura wa matan zare a ƙafa, ki riƙa sassauta shi suna girma. In sun ƙara girma leɓar namiji kan fi faɗi ta ɗan kumburo waje, ƙahon kansa ma ya fi tsayi, amma kukan ya fi su tabbas.